Kujerar da Ta Ja Baya

Masu karatu, in kun ga rubutuna na yau yana tsalle-tsalle ku yi haƙuri, haka zuciyar take tun farkon makon nan. Na zauna na tashi, na buɗe firij na rufe ban ɗauki komai ba, har Mama ta tambaye ni ko kujerun falon ne suka fara cizo.

Ga wanda yau ya fara bina: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a wani babban kantin magani can ɗaya ƙarshen gari. Akwai kuma wani bawan Allah da kowa ke kira Dogo, wanda ya daɗe yana zuwa wajena. Mama ta gaji da jin "ina tunani". Ta ce kafin makon nan ya fita tana son e ko a'a, don mahaifiyarsa ta fara kiranta a waya tana yi mata irin doguwar gaisuwar nan da kowa ya san ba gaisuwa ba ce. A makon nan ɗin dai mai sayar da motoci ya ce in tsayar da magana a kan ɗaya cikin motoci biyun da ya ajiye mini, saboda akwai masu zuwa suna shafa su.

Duk biyun ƙanana ne, masu ƙofa biyu, gajeru kamar sun durƙusa, kuma an yi su ne don gudu. Ɗaya ja ce mai giyar hannu, in aka tayar da ita sai ka ji gurnaninta a ƙirjinka. Ɗayar fara ce, otomatik, shiru-shiru, amma tana da wani maɓalli da in ka danna sai ta sake hali gaba ɗaya. Tun Baba yana koya mini tuƙi a tsohuwar motarsa, da matashi a bayana don ƙafata ta kai, nake mafarkin irinsu. Shekarun da na yi a tsaye bayan kanta ina karanta rubutun likitoci mai kama da tafiyar kiyashi, wannan mafarkin nake yi wa aiki. Kuma ba motar ado nake nema ba, wadda zan shiga kullum safe da yamma ce.

Ranar da na nuna wa Mama hotunan, ta ɗora tabarau ta daɗe tana jan hoton da yatsa.

"Ƙofa biyu? Sauran biyun fa, sai daga baya za a kawo?"

"Haka ake yin su, Mama."

"To ina za ki sa yara?"

"Waɗanne yaran?"

"Abin da nake tambaya ke nan ai."

Baba yana gefe da jaridarsa, bai ko sauke ta ba ya ce, "Ki dai duba ƙasanta. Titinmu ba ya son mota mai jan ciki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma na san shi, da ba ya so da tari kawai zai yi.

Wanda ya kashe wutar Mama shi ne Dogo. Ya zo da yamma cikin farar rigarsa mai guga kamar za ta yanki mutum, ya zauna a ƙasan kafet duk da an nuna masa kujera, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mama, a bar ta ta saya. Guminta ne." Ina kicin ina zuba shayi na ji, sai da na ajiye butar. Wallahi a ranar saura kaɗan in ce e tun kafin a sake tambayata. Na ce a raina, ga namiji wanda ba ya tsoron mace ta wuce shi a titi.

Tare muka je gwajin farko. Na sa baƙar abayata mara ado da mayafi ruwan toka, na ajiye takalmi mai tsini na ɗauki fulat, don ba na wasa da kuloci. Wurin wani fili ne mai rumfar kwano, motoci a jere sun sha wanka, ga ɗan ofis na gilashi da fanka tana juyi. Mai motocin kuwa bakinsa ba ya hutawa. Kafin mu gama gaisawa ya riga ya gaya mini cewa duk biyun don ni aka ƙera su.

Da jar muka fara. Kallon Dogo yana shiga cikinta kaɗai ya isa a biya kuɗi, ya naɗe kamar kujerar roba, gwiwoyinsa suna gaisawa da gaban motar. Bai iya giyar hannu ba, ya faɗa da bakinsa yana dariya. Na fita da ita babban titi, na ba ta wuta, ta amsa mini tun kafin in gama tambaya. Na sa giya ta uku, na sa ta huɗu, na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Da na saci kallonsa sai na ga ƙafarsa ta dama tana danna kafet da ƙarfi, yana taka birkin da babu shi.

"Ka sauke ƙafarka, birkin yana wajena."

"Ni? Miƙa nake yi kawai."

Da muka dawo muka shiga farar. Nan mai motocin ya leƙo ta taga ya nuna mini wasu maɓallai biyu a jikin ƙofa, ɗaya da biyu.

"Ranki ya daɗe, gyara kujerar yadda kike so, da sitiyari da madubai. Sai ki danne wannan har ya yi ƙara. Shi ke nan ta haddace ki. Ko wa ya taɓa, kina dannawa za ta dawo miki."

Ku da Allah ya ba tsawo ba za ku gane ba. Ni guntuwa ce, duk motar da na taɓa tuƙawa ta wani ce, kuma sai na yi kokawa da kujera, na cusa jaka ko matashi a bayana, ina leƙen titi ta saman sitiyari. Ranar na matso da kujerar gaba, na ɗaga ta, na sauko da sitiyari, na juya madubai har komai ya zauna daidai idona. Na danne lamba ɗaya, ta yi ɗan ƙara. Abin kunya, sai da idona ya ciko. Karo na farko ke nan da wata mota ta san tsawona.

A titi ma farar ba ta ba ni kunya ba. Ta hau tudun rage gudu a hankali ba tare da ta goga ƙasa ba, a cunkoso ta bi sannu kamar mai ladabi, da hanya ta buɗe na danna maɓallin nan mai sake mata hali sai ta zabura har mayafina ya zame. Amma jar tana da wani abu da ke kirana, kuma na dawo gida ban san wadda nake so ba.

Daga nan saƙonnin Dogo suka fara shigowa.

"Madam, farar ta fi dacewa da ke."

"Na duba, ta fi jar sauƙin mai."

"But ɗinta na zuba kaya ma ya fi girma."

"Ki tuna cunkoson hanyar aikinki. Kuloci zai kashe miki ƙafa."

Har bidiyo ya turo mini, na wasu mutane biyu suna tseren irin motocin a wani fili. Ina karantawa ina murmushi ni kaɗai a bayan kanta, har abokiyar aikina ta ce in rage, masu ciwo suna kallo. Na ce wannan mutum ya damu da ƙafata fiye da ni kaina. Gaskiya kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Duk safiya ina cikin tasi ina lissafa sau nawa da zan taka kuloci daga gida zuwa aiki, sai in ji cinyata ta fara ciwo tun ban sayi motar ba. Amma da na rufe ido sai in ji gurnanin jar.

Jiya da rana na kasa haƙuri. Lokacin hutun cin abinci na cire farar rigar aiki na rataye, na tari tasi ni kaɗai ban gaya wa kowa ba. Niyyata in sake zama a cikin farar sau ɗaya, in zuciyata ta kwanta in ce a rubuta takarda, da yamma kuma in ba Mama amsar da take jira. Amsoshi biyu a rana ɗaya, in huta.

Mai motocin ya taso da makulli yana washe baki. Na buɗe ƙofa na zauna, na ji kujerar ba yadda na bar ta ba, ban damu ba tunda masu gwaji suna zuwa. Na danna lamba ɗaya.

Kujerar ta fara tafiya baya. Ta yi ta tafiya da ni a hankali, ta sauka ƙasa, ta kwanta. Sitiyarin ya ɗaga ya bar ni. Madubin gefe ya juya yana nuna mini rumfar kwano. Da ta tsaya, na miƙa ƙafa har ƙarshe, yatsuna ko kusa da birki ba su kai ba. Ina zaune can ƙasa kamar yarinyar da aka bari a mota aka shiga kasuwa.

Na sake dannawa, ko ta yi kuskure. Ba ta motsa ba.

"Malam, wannan abin ya lalace ne?"

"A'a, ranki ya daɗe, lafiyarsa lau. Ai Yallaɓai ne ya gyara."

"Wane Yallaɓai?"

"Naki mana, dogon nan. Ya dawo shekaranjiya, jiya ma da safe ya zo da abokinsa suka zaga da ita. Kai, mutumin nan yana son motar nan. Ya ce in an yi biki shi zai riƙa fita da ita aiki, ke kuma ya bar miki babbar tasa, ta fi dacewa da iyali. Har ya tambaye ni inda ake sa baƙin gilashi. Na ce masa wallahi ka yi dabara, Yallaɓai, mace da..."

Sai a nan ya kalli fuskata, ya haɗiye sauran.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ko ihu ban ji ina son yi ba. Duk saƙonnin nan, da sauƙin mai, da girman but, da tausayin ƙafata, ashe mutum motarsa yake zaɓa, ni ce dai mai biya. Na fito da ƙyar, don sai da na ja jiki kafin ƙafata ta taɓa ƙasa.

"Kawo makullin jar."

"Ranki ya daɗe, ni fa ban ce..."

"Ka kawo."

Na fita da jar raina a ɓace, ina cewa ita zan saya, in ya so ya zauna ya yi ta kallonta tunda bai iya ba. Allah da ikonsa sai na faɗa cunkoson masu ɗauko yara daga makaranta. Taka kuloci, saki, taka, saki. Kafin mu wuce shataletale cinyata ta fara rawa. Gefen abayata ya naɗe a lebar giya. A tudun gaban wani banki na ji ƙasanta ya goga, ƙarar ta shiga mini har haƙori. Gurnanin nan da nake mafarki ya koma ciwon kai, ga wani mai babbar mota a bayana yana ta hon. Na samu gefe na tsaya, na kifa kai a sitiyari.

A nan na gane abin da ya fi ba ni haushi. Farar nake so. Ita ce motar da zan iya rayuwa da ita kullum. In na sayi jar don in ƙuntata masa, to har yanzu shi ne ya zaɓa mini mota, kuma ni ce zan yi shekaru ina ɗingishi.

Na ɗauki waya na rubuta wa Yayata, wadda ke aure da yara uku. Na zayyana mata komai. Tana karantawa ta fara amsawa.

"To shi ne me?"

"Yaya, kin karanta kuwa?"

"Na karanta. Ni motar da na saya kafin aure ina take? Tana hannun Abbansu, ni ina jan tasa. Mutuwa na yi?"

"Ya tambaye ki kafin ya ɗauka?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa. Daga ƙarshe abin da ya shigo shi ne, "Auta, kar ki kori mutumin kirki a kan kujera." Ta biyo da hoton fuska mai dariya. Tambayata dai ba ta amsa ba.

Kuma mutumin kirki ne, kar ku ce na ɓata shi. Lokacin da aka kwantar da Baba a asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga har ma'aikatan suka ɗauka ɗansa ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wannan ne ya hana ni sukuni, don da mugu ne da tuni na huta. Na koma aiki a makare, na ba wata mata maganin tari na manta ban gaya mata yadda za ta sha ba sai da na bi ta har ƙofa. A gida na ce kaina ke ciwo. Mama ta bi ni da ido, ta ce, "Gobe dai gobe ce, ina jiran amsata."

Yau da safe na tura masa saƙo: "Ka same ni wajen motocin da la'asar, zan yanke."

"Farar ko?" Da hoton zuciya.

Na sa doguwar riga ruwan ganye wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, sai na tsaya gaban madubi na tambayi kaina dalili, na cire ta na mayar da abayar jiya. Na zo na same shi ya riga ni, yana jingine da farar yana ƙamshin turare, hannu ɗaya a kan rufinta. Mai motocin yana hango ni ya tuna yana da aiki a ofis.

"Shiga mu zauna," na ce.

Na zauna a mazaunin direba, ya zagaya ya naɗe a gefena. Na danna lamba ɗaya. Ba abin da ya motsa, tunda kujerar tana inda ya bar ta. Na miƙa ƙafata a iska don ya gani.

Ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi, ta gaskiya, ba ta wanda aka kama ba.

"Au, na manta ban mayar miki ba. Na zo na ɗan gwada ta ne."

"Mai motocin ya ce bayan biki kai za ka riƙa hawa."

"To ai magana ce ta hankali, Madam. Tawa ta fi girma, ta fi tsaro, ga wurin yara. Ke da kanki za ki ce mu yi musanya. Na ma yi wa Mama bayani tun ranar nan, shi ya sa hankalinta ya kwanta."

"Ranar da ka ce gumina ne?"

"Guminki ne mana. Wa ya ce ba naki ba ne? Abinki ai nawa ne, nawa naki ne."

"Ni ka yi mini bayanin?"

"Ina jira ki saya tukuna, kar in dame ki da magana biyu."

Yana faɗa yana gyara madubin tsakiya da hannunsa, ko a jikinsa. Na kalli maɓallan nan biyu a jikin ƙofa. Tun jiya tambaya ɗaya ke cina, ta fi duk sauran.

"Dogo, maɓalli biyu ne a nan. Na biyun ba kowa a kansa. Me ya sa ba ka sa naka a can ba, sai ka goge nawa?"

Ya leƙo ya duba, ya ɗaga kafaɗa, da murmushinsa mai kyau ɗin nan da Mama ke so.

"Ai lamba ɗaya ta mai mota ce."

Na jira ko zai ji abin da ya faɗa. Bai ji ba. Yana kallona yana jiran in yi dariya, kuma na tabbata har ga Allah bai ga laifin da ya yi ba. Abin da ya tsorata ni ke nan, don na hango kaina shekaru masu zuwa ina yi masa bayanin abu irin wannan a kan ɗaki, a kan aiki, a kan sunan yaro, yana murmushi yana cewa magana ce ta hankali.

Na sa hannu a gefen kujera na matso da ita gaba. A hankali take tafiya, muna jin ƙararta. Na ɗaga ta, na sauko da sitiyari, na gyara madubin gefe, na mayar da na tsakiya da ya taɓa. Na danne lamba ɗaya har ta yi ƙara.

"Gaskiyarka," na ce. "Sauka, zan je in sa hannu."

"Madam, fushi kika yi? A kan kujera?"

"Ka sauka, Dogo."

Ya sauka da ƙyar, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Na shiga ofis na ce farar, da sunana, makullan duka biyu a hannuna. Mai motocin bai yi ko tari ba, yau bakinsa ya samu hutu. Da na fito da ita daga rumfar, Dogo yana tsaye inda na bar shi da waya a kunne, kuma ban buƙaci a gaya mini wa yake kira ba.

Ban kai shataletale ba wayata ta fara ruri a kan kujerar gefe. Mama. Ta katse, ta sake kira. Ina son mutumin nan, kuma na san abin da zan faɗa zai sa ta kuka. Na samu gefe na tsaya, na ɗauka.

"Auta, me nake ji haka? Yaron nan ya kira ni muryarsa duk ta sake. Mahaifiyarsa kuma tana jirana. Me zan ce mata?"

"Mama, Baba yana gida?"

"Yana nan. Me ya faru?"

"Ki ce masa ya ajiye jaridar, ke ma ki nemi wuri ki zauna. Ga ni nan zuwa."